Bututun Birki da Tiyon Mai a Motar da Aka Haɗa da Hannu

Ga abin da muka tattauna a filin direbobi da makanikai na wannan mako. Mun rubuta shi ne saboda wanda bai samu kama tashar ba, da kuma wanda ya ji amma yana son ya riƙe takarda a hannu ya shiga da ita gareji.

Maganar ta shafe ka idan kana cikin masu haɗa mota da hannu. Kada ka yi saurin cewa ai ni ban taɓa ƙera mota ba. In ka taɓa ɗaga bodi daga wannan shasi ka ɗora a kan wancan, ko ka cire injin fetur ka sa na dizal, ko ka ƙara wa a-kori-kura tsawo don ta ɗebi kaya, ko ka maida sitiyari daga dama zuwa hagu, to ka haɗa mota. Ka raba bututan birki da na mai da hanyar da kamfani ya shimfiɗa musu, kuma kai ne za ka sama musu sabuwa. Irin wannan aiki kullum ana yin sa a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da kewayen kasuwar Katako a Yamai, da Suame Magazine a Kumasi, inda a 2013 masu sana'a suka haɗa mota sukutum daga kayan motoci daban-daban, aka sa mata suna Turtle 1, har aka kai ta Holan aka nuna ta.

Amma bari mu fara leƙawa Ingila, domin can ne aka mai da wannan aiki abin da hukuma ke dubawa da fitila a hannu. A can akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, mutum ya shekara biyu ko uku a ɗakin ajiye motarsa yana haɗa 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu. Yawancinsu suna kwaikwayon Lotus Seven ne, wadda Colin Chapman ya fito da ita a 1957, kamfanin Caterham kuma ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973. A 1996 wani mai suna Ron Champion ya fitar da littafin da ya koya wa mutane yadda za su yi waldar shasin irinta da ƙarfe mai kusurwa huɗu, su ɗebo inji da giya daga tsohuwar Ford Escort. Irin waɗannan motoci su ake kira Locost. To duk wanda ya gama tasa, ba zai hau titi da ita ba sai ya kai ta gwajin da ake kira IVA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009. Wannan ya fi binciken shekara-shekara da direbobin Nijar da Kamaru ke kira bizit tsanani nesa ba kusa ba. Mai binciken zai shiga ƙarƙashin motar ya bi bututun birki daga farko har ƙarshe, ya taɓa, ya girgiza, ya duba ko yana gugar wani abu, ko ya lanƙwashe ya tsuke, ko ya kusanci salansa. Haka zai yi wa na mai. Wayoyin lantarki ƙa'idarsu a rubuce take, a kafe su a kowace santimita 30 ko ƙasa da haka, masu haɗa motocin kuma suka ɗauki wannan awo suka ɗora wa bututai, da yawansu ma suna matsowa zuwa santimita 15 ko 20 a bututun birki.

Santimita 30 dai tsawon rular 'yan makaranta ce. Riƙe wannan a ranka.

Me ya sa ake wannan tsanani a kan abin da kaurinsa bai kai fensir ba? Ka duba abin da ke cikinsa. Tayar ƙaramar mota tana ɗauke da iska bar 2 zuwa 2 da rabi, wato abin da mai faci ke ce maka 30 ko 35 a gejinsa. Sa'ad da ka taka birki da ƙarfi don kauce wa saniya, man da ke cikin bututun yakan kai bar 70 zuwa 100, wani lokaci ya wuce. Ninki talatin ko arba'in ke nan na abin da ke cikin taya. Bututu mai lafiya yana ɗaukar wannan ba tare da ya ji komai ba. Wanda guga ta cinye rabin bangonsa kuwa zai yi ta aiki lafiya lau a cikin gari, wata da watanni, domin takun cikin gari ba ya matsa masa. Ranar da zai fashe ita ce ranar da ka fi bukatarsa, a gangaren Hawan Kibo ko a gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundere da Garwa, da kaya niƙi-niƙi a baya. Shi ya sa wannan ɓarna ta fi ta inji muni. Inji yana yi maka tari da hayaƙi kafin ya mutu, bututu kuwa shiru yake yi.

Abin da ke kashe bututu motsi ne. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya, za ka ji wurin ya yi zafi, ya yi tauri, sai ya karye. Haka bututun da aka bari yana lilo tsakanin maƙalai biyu masu nisa yake yi, sai dai nasa lanƙwasawar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya gani, amma sau dubbai a kowace tafiya. A kan kwalta mai santsi abin zai ɗauki shekaru. A kan burji mai gargada, irin wanda ke sa haƙoranka kaɗawa, lokacin yana raguwa ƙwarai. Kuma karayar ba ta cika zuwa a tsakiya ba. Tana zuwa ne a gindin noti, daidai inda bututun ya shiga masta ko mahaɗa, domin nan ne ɓangaren da ke motsi ya haɗu da wanda ba ya motsi. Saboda haka maƙalin da ya fi kowanne amfani shi ne na kusa da mahaɗa, kamar faɗin tafin hannu daga notin, sai kuma na gaba da bayan kowace kwana. Ra'ayinmu a nan shi ne awon Ingila na santimita 30 an yi shi ne don hanyoyin Ingila. Motar da za ta bi hanyar Agadas zuwa Arlit, ko ta shiga ƙauyuka ranar kasuwa, a ba ta maƙali a kowane taƙi guda.

Sai kuma da me za a kafe. Mun san abin da aka saba: guntun waya a murɗe da filaya, ko tsinken robar tsohon tib a naɗe a ƙulle. Waya ita ce mafi sharri, don ƙarfe ne a kan ƙarfe, tana zama zarto. Robar tib tana da kirki a makon farko, amma rana da mai suna cinye ta, kuma ƙura tana shiga ƙarƙashinta ta zama kamar takardar goge katako. Igiyar roba mai haƙora, wadda ake zargewa a ja, an yi ta ne don tattara wayoyi. Zafi yana busar da ita ta karye, kuma ko ba ta karye ba tana barin bututu ya zame ya goga. Abin da ya dace shi ne kilif na ƙarfe mai shimfiɗar roba a ciki, wanda ke rungumar bututun ya bar kunne guda da za a ɗaure a jikin shasi da noti ko ribit. Turawa suna kiransa da sunan harafin P saboda siffarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ya zama daidai kaurin bututun. Bututun birki na yawancin ƙananan motoci milimita 4.75 ne, wato 3/16 na inci, na mai kuma galibi milimita 8. In ka sa kilif ɗin 8 a kan bututun 4.75, ka yi aikin banza, yana nan yana rawa a ciki. In ba ka samu na kanti ba, a wurin 'yan gwangwan akwai kilif-kilif na roba mai tauri da ke jikin shasin motocin da aka yanka, masu ramuka biyu ko uku a jere, kuma suna da kyau domin suna raba bututai kada su taɓa juna. In ma wannan ya gagara, mai walda zai yanka maka siririn kwano ya lanƙwasa, ka tsaga guntun tiyon mai ka sa a ciki a matsayin shimfiɗa. Wannan ya fi waya sau ɗari.

Wajen huda shasi a yi hattara. A shasin babbar mota ko a-kori-kura, wanda ƙarfensa ke da bango a tsaye da leɓe sama da ƙasa, leɓunan nan su ke ɗauke da nauyi. Kamfanonin manyan motoci suna hana masu ƙera bodi huda su ko yi musu walda. In hujin ya zama dole, a bangon tsaye ake yi, ƙarami, nesa da wani hujin, kuma gara ka nemi ramukan da kamfani ya riga ya bari. A motar da aka yi shasinta da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, kamar Locost, duk hujin da ka yi ƙofa ce ta ruwa, don haka a shafa fenti ko girisi kafin a sa ribit. Wanda ya fi dabara shi ne wanda ya yi waldar 'yan kunnuwa a jikin shasi tun yana tsirara, kafin fenti, kafin a shimfiɗa ko bututu ɗaya. In kuwa walda ta taso bayan an gama, a cire abin da ke kusa ko a rufe shi, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda bututun mai na roba. A kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda ake aikin. In ta yi nisa, wutar tana neman hanya, kuma tana iya bi ta bututun birki ta ƙona shi daga inda ba ka gani.

Hanyar da bututun zai bi ita ce rabin aikin, kuma ana zana ta ne kafin a ɗora bodi. A bi ta cikin shasi, ta gefen da ke kallon ciki, sama da ƙasan ƙarfen. Duk abin da ya fi shasi sauka ƙasa, rabon dutse ne da kututture, da kuma jak ɗin yaron gareji da zai ɗaga motar cikin duhu. Masu Locost suna da wata matsala da ke koya mana darasi. Motar ƙarama ce, sai ya zama bututun birki na baya, da na mai guda biyu, da wayoyi, da igiyar birkin hannu, duk sun cushe a cikin siririn ramin da farfela ke juyawa a tsakanin kujeru. In kurosin farfela ya tsinke tana cikin gudu, za ta yi ta dukan duk abin da ke ramin. Saboda haka suke manne bututan can saman kusurwa, wasu kuma su yi wa farfelar zobe na ƙarfe da zai tare ta. Kai ma da ka ƙara wa mota tsawo, aka yanka farfela aka yi mata ƙari, ka tambayi kanka: in ta saki, me za ta fara samu?

Wayar lantarki kuma kada ta hau kan bututun mai, ko da ka ga hanya ce mai sauƙi. Guga za ta fere rigar wayar, ta kuma ci bututun, sai ka haɗa tartsatsi da fetur a wuri ɗaya da hannunka. Babbar wayar batir musamman, wadda ba ta da fis, a ba ta gefenta daban. Duk inda bututu ko tiyo zai ratsa kwano, a sa zoben roba a ramin. Bakin kwanon da aka huda wuƙa ne. Man fetur kuwa kada ya ratsa ta inda mutane ke zaune, in ba yadda za a yi to bututun ƙarfe guda ɗaya ba mahaɗa, daga wannan bango zuwa wancan.

Yanzu ga inda mutane ke wuce gona da iri. Ba ko'ina ake kafewa ba. Akwai wuraren da motsi dole ne, kuma in ka hana shi ƙarfe zai karye. Inji yana zaune a kan robobi, yana girgiza, yana karkata in an taka totur. Don haka bututun ƙarfe na mai yana ƙarewa ne a jikin shasi, a kafe ƙarshensa da kyau, sannan tiyo mai ɗan sako-sako ya ƙarasa zuwa inji. A motoci masu shasi daban da bodi, irin su Hilux da Land Cruiser, bodin ma a kan robobi yake, masta tana jikin bodi, bututan kuma suna sauka zuwa shasi. In ka duba za ka ga kamfani ya naɗe bututun kamar gammo, ko ya yi masa lanƙwasa mai faɗi a wannan tsakanin. Wani bakanike yana ganin wannan gammo sai ya ce ɓarnar ƙarfe ce, ya miƙe shi. Gammon nan shi ke shanye motsin da ke tsakanin bodi da shasi. A bar shi, in kuma sabon bututu kake yi, ka yi masa nasa.

Haka tiyon birki da ke zuwa ƙafafu. Inda bututun ƙarfe ya haɗu da tiyo, dole a samu kunne mai ƙarfi a jikin shasi da zai riƙe mahaɗar, kada nauyin tiyon ya rataya a wuyan bututu. Gwajinsa ba wuya. Ɗaga motar har ƙafafun su rataya, ka juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, ka ga ko tiyon ya miƙe ya yi tsirit ko ya taɓa taya. Sauke ta, a loda mata kaya, ka sake dubawa. Akwai layi ko rubutu a jikin tiyon, in ka ga layin ya murɗe to an ɗaure shi a murɗe, a kwance a gyara. Masu ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗaga ta ɗauki lodi, ku ji wannan da kyau: kun nisanta aksil daga shasi, tiyon baya kuma tsawonsa bai ƙaru ba. Rami ɗaya mai zurfi ya isa ya tsinke shi. Wani tiyon kuma yana zuwa da rigar saƙar ƙarfe mai ƙyalli. Yana da ƙarfi, amma duk abin da ya jingina da shi sai ya cinye shi kamar magagari, har alminiyam.

Wani mai sauraro ya aiko da tambaya, ya ce bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji fa, tun da yana da laushin lanƙwasawa kuma ba ya tsatsa? Amsa ita ce a'a. Bututun birki na asali ƙarfe ne da aka naɗe ninki biyu aka like da jan ƙarfe, ana kiransa Bundy, da sunan kamfanin Amurka da ya fara yin sa. Aibinsa tsatsa, shi ya sa motocin Kwatano da suka sha gishirin da ake zuba wa titunan Turai da Kanada lokacin ƙanƙara suke zuwa da bututai a ciye, musamman a ƙarƙashin kilif da saman tanki inda ido ba ya kaiwa. Masu dakon gishiri da kanwa daga Bilma da Manga su ma su riƙa leƙawa. Akwai kuma wani na gauraye, kashi 90 jan ƙarfe, kashi 10 nikel, wanda Volvo ta fara sa wa motocinta a 1976. Shi ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, yana kuma jure girgiza. Launinsa ya fi jan ƙarfe haske kaɗan, kuma yawanci akwai rubutu a jikinsa. Jan ƙarfe zalla kuwa shi ne ya fi saurin yin tauri ya tsage in ana girgiza shi, har wasu ƙasashe sun hana amfani da shi a birki. Na firji ba a yi shi don wannan matsin ba sam.

Bakin bututu ma iri biyu ne, kuma a nan ne mai haɗa kayan Peugeot da na Toyota ke faɗawa rami. Motocin Japan da na Amurka galibi suna amfani da leɓe mai ninki biyu, wanda ya buɗe kamar mazurari. Na Turai galibi leɓensu a kumbure yake kamar kan albasa. Kowane leɓe da irin mazauninsa. In ka sa wannan a gidan wancan zai ɗauru, har ya riƙe mai na ɗan lokaci, amma bai zauna ba. Notunan ma haka. Akwai na milimita 10 da na 3/8 na inci, sun yi kama ƙwarai, na incin yana shiga gidan na milimita da ɗan sako-sako, sai ranar da aka taka da ƙarfi haƙoran su zame. Noti ya shiga da yatsu, zagaye uku ko huɗu, ba tare da girgiɗi ba, kafin sifana ta taɓa shi. Leɓe mai ninki ɗaya, da mahaɗar masu aikin famfo mai ɗan zobe a ciki, da walda ko dalma a kan bututun da ya huje, duk ba su da wuri a birki. A yanka bututu da abin yankansa mai ɗan faifai, domin zarto yana zuba gari a ciki. Kada a cika shi da yashi don a lanƙwasa, ƙwaya ɗaya in ta maƙale ta isa ta yanka robar masta. In ya tsuke a kwana, a jefar a sake wani. Kuma a zura notin kafin a buɗa leɓe, duk wanda ya yi wannan aiki ya san dalilin faɗar haka.

Wani abu da ya kamata ka kiyaye: tun ƙarshen shekarun 1960 ake yin motoci da layin birki biyu, ko gaba daban baya daban, ko kuma a gicciye, domin in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da kai. Kada ka haɗe su da mahaɗa mai baki uku don bututu ya ƙare maka. Dabarar nan ta bakin hanya, a daddatse bututun ƙafa ɗaya da guduma a ci gaba da tafiya, ta kai ka gari mafi kusa ne a hankali, ba ta kai ka ƙarshen shekara ba.

Sai zafi. Man birki DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, DOT 4 a digiri 230. Amma man yana shan danshi daga iska, kuma in ya sha, na farkon yana saukowa zuwa 140, na biyun 155. Bakin salansa inda ta fito daga inji yakan haura digiri 500 in mota tana jan kaya. Ka ga ke nan bututun da ya wuce dab da ita yana iya dafa man, man ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai ka taka feda ta tafi ƙasa babu komai. Bayan an huta ta dawo, a ce aljanu ne. A nisanta bututu da salansa taƙi guda in wuri ya ba da dama. In bai bayar ba, a sa garkuwa ta alminiyam a tsakani, da sarari ta kowane gefe don iska ta ratsa, domin garkuwar da ta manne da bututu ita ma murhu ce. Ruwan omo da man inji da ake zubawa in man birki ya ƙare a daji, na farko yana tafasa da wuri ya kawo tsatsa, na biyu yana kumbura robobi. Duk wanda ya yi haka don ya fita daga daji, ya wanke layin gaba ɗaya ya canza robobi da ya isa gari.

Fetur nasa ya fi sauri. Yana iya kamawa da kansa ba tare da ashana ba in ya sauka a kan ƙarfen da ya kai digiri 250 zuwa 280. Saboda haka a duk mahaɗar tiyon mai ka tsaya ka duba ƙasa: in ya ɗiga, a kan me zai sauka? In amsar salansa ce, ko kan batir, ko alternato, a matsar da mahaɗar. Mota mai kafireto tana tura mai da matsi kaɗan, bai kai rabin bar ba. Mota mai injekta tana turawa da bar 3 zuwa 4, famfonta kuma yana iya zubar da fiye da lita guda a minti. Wanda ya cire tsohon inji ya sa mai injekta amma ya bar tsofaffin tiyo da maɗaurai, ya shirya gobara. Ka karanta jikin tiyon. In ka ga J30 R6 ko R7, na ƙaramin matsi ne. Na injekta R9 ne. Wanda zai zauna a nutse cikin tanki R10 ne, domin sauran cikinsu kawai aka yi don fetur, bayansu yana narkewa. Farin tiyon nan mai nuna abin da ke ciki, na ruwa ne, fetur yana busar da shi ya yi tauri ya zame. Ƙarshen bututun ƙarfe kuma a yi masa ɗan kumburi, maɗauri ya zauna a bayan kumburin, don kada matsi ya tuɓe tiyon.

Famfon mai na lantarki kada a ja masa waya kai tsaye daga makulli. A motar kamfani, famfon yana tsayawa da zarar inji ya mutu, wasu ma suna da makunnin da ke yanke shi in an yi karo. In ka haɗa kai tsaye, mota ta kife, tiyo ya tsinke, famfon zai ci gaba da feshi har sai wani ya tuna da makulli. Masu ƙara tanki na biyu don doguwar tafiyar Sahara, tankin yana bukatar hanyar numfashi da ta fita waje, nesa da salansa, domin a zafin watan Afrilu tankin da aka toshe kumbura yake yi. Jarka a kan rufi da tiyo yana saukowa ta taga kuwa, ba mu da abin cewa a kanta sai a sauke. A injin dizal na zamani, bututan da ke tsakanin famfo da nozul suna ɗauke da bar 1,600 ko fiye. Ba a gyara su, ba a lalubar yoyonsu da yatsa, domin man yana huda fata. Maƙalansu na kamfani a mayar da su duka bayan kowane aiki.

In an gama, an fitar da iska, ka zauna ka taka birki da iyakar ƙarfinka ka riƙe minti guda. Fedar ta tsaya cak. In tana nutsewa a hankali, akwai inda ke zuba. Wani ya bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda, domin takarda tana nuna abin da ido bai gani ba. A kunna makulli famfon mai ya cika layi, a bi shi ma da takarda da hanci, da abin kashe gobara a kusa, ba a cikin but ba. Sannan ka bi bututan da hannu kana ɗan ja. Duk inda ka ji ƙas-ƙas, yana taɓa wani abu. Bayan tafiyar farko mai nisa a sake shiga ƙarƙashi da tocila. Abin da ake nema shi ne wuri mai ƙyalli a jikin bututu ko shasi, inda ƙura ta goge, nan ne guga ta fara. A cire busasshiyar ciyawar da ta taru tsakanin salansa da garkuwa, musamman da kaka in an ratsa gonaki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko motocin da ake mayarwa masu amfani da iskar gas, inda tukunyar ke ɗauke da bar 200. Masu tambaya a kan wannan su aiko tun yanzu.